BABI NA UKU: SHARHI A KAN MAƘALAR MARTINSON (1974) GAME DA GYARAN HALIN FURSUNONI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo ma'anar gyaran hali da taƙaitaccen tarihin gidajen yari na zamani. A wannan babi kuwa za a yi sharhi ne a kan aiki guda ɗaya, wato maƙalar da Robert Martinson ya buga a shekarar 1974 a mujallar The Public Interest ta ƙasar Amurka. Dalilin keɓe mata babi sukutum shi ne, da wuya a sami wani rubutu a fagen nazarin laifuffuka da hukunci wanda ya yi tasirin da ta yi a kan dokoki da rayuwar ɗaurarru. Maƙalar ta ɗauki tambaya guda, wato ko shirye-shiryen gyaran hali da ake gudanarwa a gidajen yari suna hana mai laifi komawa ga laifi bayan an sake shi. Amsar da jama'a suka ɗauka daga gare ta ita ce babu abin da ke aiki. Za a duba yadda aka tattara hujjojin maƙalar, da inda ta yi ƙarfi, da inda hukuncinta ya zarce hujjarta, sannan a auna ta da binciken da ya biyo bayanta.

3.1 Asalin Aikin

A shekarar 1966 gwamnatin Jihar Niyok ta kafa wani kwamiti na musamman a kan masu laifi, da nufin mayar da gidajen yarin jihar wuraren gyaran hali. Kwamitin ya buƙaci a tattara masa duk abin da bincike ya gano game da hanyoyin gyara. Douglas Lipton ne ya jagoranci aikin, Judith Wilks tana cikinsa, shi kuwa Martinson ya shigo a shekarar 1968. Sun tace rahotannin da aka rubuta da Ingilishi tsakanin 1945 da 1967, suka zaɓi guda 231 waɗanda suka cika sharuɗɗan da suka gindaya. Babban sharaɗin shi ne a kwatanta waɗanda aka yi wa shirin da wasu makamantansu da ba a yi wa ba. Zuwa shekarar 1970 sun kammala rahoto mai shafi kusan 1,400, amma gwamnatin jihar ta ƙi yarda a buga shi. Bai fito fili ba sai da wani lauya ya sa kotu ta nemi a kawo shi a matsayin shaida. An buga cikakken littafin a 1975, wato shekara guda bayan Martinson ya riga ya fitar da tasa maƙalar shi kaɗai.

Wannan jerin lokaci yana da muhimmanci ga sharhin. Maƙalar gajera ce, an rubuta ta da harshe mai sauƙi, ta kuma riga littafin isa hannun jama'a. Saboda haka mafi yawan waɗanda suka kafa hujja da binciken taƙaitawar mutum ɗaya suka karanta daga cikin mutum uku da suka yi aikin.

Ya kamata kuma a san ko wane ne marubucin. Martinson masanin zamantakewa ne da ya koyar a wata kwaleji a birnin Niyok. A shekarar 1961 yana cikin matasan da suka shiga motocin haya zuwa kudancin Amurka don ƙalubalantar wariyar launin fata, har aka ɗaure shi a Jihar Misisifi na fiye da wata guda. Ke nan ya ɗanɗani zaman kurkuku da jikinsa, kuma ba mai sha'awar yawaita ɗauri ba ne. Abin da ya dame shi shi ne tsarin hukuncin da ba a yanke wa'adinsa, inda ake riƙe fursuna har sai hukuma ta gamsu cewa ya gyaru. A ganinsa, idan gyaran ba ya aukuwa, to an rasa hujjar ci gaba da riƙe mutum da sunan gyara.

3.2 Abin da Maƙalar Ta Ƙunsa

Martinson ya bi hanyoyin gyara ɗaya bayan ɗaya. Ya duba karatu da koyon sana'a, da nasihar mutum ɗaya da ta rukuni, da sauya yanayin zaman gidan yari baki ɗaya, da magunguna da tiyata, da tsawon wa'adi, da kuma ɗaurin talala da sakin fursuna bisa sharaɗi. A ƙarƙashin kowace hanya yakan kawo binciken da ya nuna nasara, sai ya biyo shi da wanda bai nuna ba, ko kuma ya nuna wani rauni a tsarin na farkon. Daga ƙarshe ya yanke cewa, in ban da 'yan tsiraru da ke warwatse nan da can, ƙoƙarin gyaran da aka ba da rahotonsa zuwa lokacin bai yi wani tasirin a zo a gani ba a kan komawa ga laifi.

A ƙarshen maƙalar ya ajiye fassara biyu. Ta farko ita ce shirye-shiryen ba su kai ingancin da za su yi tasiri ba tukuna. Ta biyu ita ce tushen tunanin ne gurɓatacce, wato ɗaukar laifi a matsayin cuta da za a iya warkarwa a jikin mutum ɗaya, alhali kuwa al'umma ce ke haifar da shi. Bai rufe ƙofar ta farko ba, sai dai salon rubutun ya karkata ga ta biyu, kuma a hirar da aka yi da shi a shirin talabijin na 60 Minutes a 1975 ya ƙara ƙarfafa wannan karkata.

3.3 Inda Maƙalar Ta Yi Ƙarfi

Adalci ne a fara da abin yabo. Kafin wannan aiki, hukumomin gidajen yari sukan kafa hujja da labarin fursuna ɗaya ko biyu da suka shiryu, su ce shirinsu ya yi nasara. Martinson da abokan aikinsa sun ƙi karɓar wannan. Sun nace sai an nuna rukunin kwatance, sai an bi sawun waɗanda aka saki, sai an ƙidaya nawa suka dawo. Wannan ma'auni shi ne ake amfani da shi har yanzu, har a wurin masu sukar maƙalar.

Bugu da ƙari, bayanin da suka yi game da raunin binciken zamaninsu gaskiya ne. A shekarar 1979 wani kwamiti na Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka, a ƙarƙashin Lee Sechrest, ya sake duba aikin, ya kuma tabbatar da cewa Lipton da Martinson da Wilks sun taƙaita rahotannin daidai gwargwado, har ma sun yi sassauci ga wasu da ba su cancanta ba. Ke nan ba a zargin aikin da ƙage ko rashin riƙon amana. Matsalar tana ga hukuncin da aka ɗora a kansa.

3.4 Inda Hukuncin Ya Zarce Hujja

3.4.1 Matsalar Ƙidaya

Adadin nan na 231 shi ne ya ba maƙalar kwarjini, amma ba dukkan rahotannin ne suka auna komawa ga laifi ba. Cullen da Gendreau (2000) sun nuna cewa ma'aunai 138 ne kawai suka shafi wannan batu, kuma da yawa daga cikinsu suna magana ne a kan ɗauri da ɗaurin talala da saki bisa sharaɗi, waɗanda nau'o'in hukunci ne. Idan aka raba abin da ya rage a kan hanyoyin gyara daban-daban, za a ga cewa kowace hanya an yanke mata hukunci ne da rahotanni 'yan kaɗan.

Tun kafin wannan, Ted Palmer (1975) ya ɗauki rahotanni 82 da Martinson ya ambata da kansa a maƙalar, ya ƙidaya su, ya tarar 39 daga ciki, wato kashi 48 cikin 100, sun nuna nasara cikakkiya ko ta wani ɓangare. Abin da ya kusa rabi ba za a kira shi tsiraru ba. Dalilin wannan saɓani shi ne, Martinson yana neman hanyar da za ta yi aiki a kan kowa a ko'ina, duk wadda ta yi nasara a wani wuri ta gaza a wani sai ya jefa ta cikin waɗanda suka gaza. Palmer ya ce tambayar da ta dace ita ce, wace hanya ce ke aiki, ga wane irin mai laifi, a cikin wane yanayi. A fagen kiwon lafiya babu likitan da zai ce magani ba shi da amfani don ya warkar da zazzaɓin cizon sauro bai warkar da tarin fuka ba.

Akwai kuma matsalar ƙanƙantar rukuni. Alal misali, a ƙaddara an koya wa fursunoni 40 sana'a, aka bar wasu 40. Bayan shekara biyu 16 suka dawo daga rukunin farko, 20 daga na biyu. A ƙa'idar lissafi wannan bambanci bai isa a dogara da shi ba, domin yana iya zama dace. Idan aka sami irin wannan bincike guda goma, mai ƙidayar rahotanni zai rubuta cewa goma sun gaza. Amma idan aka haɗa mutanen wuri guda, 160 ne cikin 400 a gefe ɗaya da 200 cikin 400 a ɗayan, kuma wannan bambanci ne da lissafi ya yarda da shi. Dabarar haɗa sakamako ta irin wannan hanya ba ta bayyana sosai ba sai da Gene Glass ya tsara ta a 1976, don haka ba za a ga laifin Martinson a kan rashin amfani da ita ba. Sai dai hakan yana nuna cewa kayan aikin da ke hannunsa ba su isa su ɗauki nauyin hukuncin da ya yanke ba.

3.4.2 Matsalar Aiwatarwa

Maƙalar ta ɗauki sunan shiri a matsayin shirin kansa. Idan rahoto ya ce an yi wa fursunoni nasihar rukuni, sai a ƙidaya shi a matsayin gwajin nasihar rukuni, ba tare da an tambayi wane ne ya gudanar da ita ba, ko wane horo ya samu, ko sau nawa aka zauna. Herbert Quay (1977) ya bi diddigin binciken Kassebaum da Ward da Wilner (1971), wanda aka yi a wani gidan yari na Jihar Kalifoniya, kuma ake yawan kafa hujja da shi cewa nasihar rukuni ba ta da amfani. Ya nuna cewa masu jagorantar zaman ma'aikatan gidan ne da ba su sami isasshen horo ba, da yawansu ma ba su yi imani cewa shirin zai hana kowa komawa ga laifi ba. Tsarin binciken yana da kyau, amma abin da aka auna bai kai a kira shi nasiha ba. Wanda ya shuka iri a kan fako bai gwada irin ba tukuna.

3.4.3 Matsalar Ma'auni Guda

Wannan ita ce matsalar da ta fi shafar manufar wannan kundi. Littafin 1975 ya auna sakamako iri bakwai, daga ciki akwai ci gaban karatu, da samun aikin yi, da komawa ga shaye-shaye, da sauyin ɗabi'a, da natsuwar zama a cikin gidan yari. Martinson ya ajiye shida ya ɗauki ɗaya. Hujjarsa ita ce komawa ga laifi shi ne abin da ya dami jama'a. Hujjar tana da ƙarfi a fagen siyasa, amma tana da illa biyu.

Illa ta farko ita ce, ma'aunin kansa ba tsayayye ba ne. Wani rahoto kamun 'yan sanda yake ƙidayawa, wani hukuncin kotu, wani kuma saɓa sharaɗin saki, kamar rashin zuwa gaban jami'i a kan lokaci. Wanda aka fi sa wa ido shi aka fi kamawa, ko da bai fi ɗan'uwansa laifi ba.

Illa ta biyu ita ce, ma'aunin ya fitar da lafiyar fursuna daga lissafi. Fazel da Danesh (2002) sun tattara bincike 62 daga ƙasashe 12, wanda ya shafi fursunoni kusan 23,000, suka gano cewa kimanin kashi 4 cikin 100 suna fama da taɓin hankali, kashi 10 zuwa 12 kuma da ciwon damuwa mai tsanani. Har ila yau, Binswanger da abokan aikinta (2007) sun bi sawun mutane 30,237 da aka saka daga gidajen yarin Jihar Washintan tsakanin 1999 da 2003. Sun tarar cewa a makonni biyu na farko bayan saki, haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran mazauna jihar kusan sau 13, kuma babban sanadi shi ne shan ƙwaya fiye da kima. A ma'aunin Martinson, wanda ya mutu mako guda bayan saki bai koma ga laifi ba. Shirin da ya ceci ransa kuwa ba shi da gurbin da za a rubuta masa nasara. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, sun tanadi cewa fursuna yana da haƙƙin samun kulawar lafiya daidai da ta sauran jama'a. Wannan haƙƙi ne da bai rataya a kan ko mutumin zai sake laifi ba.

3.5 Tasirin Maƙalar

Maƙalar ta faɗo ne a lokacin da ake jiran irinta. A 1971 an yi tarzomar gidan yarin Attica a Jihar Niyok inda mutane 43 suka rasu. Masu sassaucin ra'ayi suna kukan cewa ana zaluntar fursunoni da sunan gyara, masu tsattsauran ra'ayi kuma suna kukan cewa ana lallaɓa masu laifi. Kowane ɓangare ya sami abin da yake so a cikinta. A 1976 Jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta bayyana cewa manufar ɗauri ita ce horo. A 1984 majalisar tarayya ta yi dokar gyaran hukunci wadda ta soke saki bisa sharaɗi a matakin tarayya, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da tsarin a 1989. Yawan fursunonin jihohi da na tarayya ya tashi daga kimanin 200,000 a farkon shekarun 1970 zuwa kimanin miliyan 1.6 a 2009.

Ba daidai ba ne a ɗora wannan duka a kan maƙala guda, domin hauhawar laifuffuka da yaƙi da miyagun ƙwayoyi da siyasar zaɓe duk sun taka rawa. Abin da maƙalar ta yi shi ne ta ba 'yan siyasa rigar ilimi su lulluɓe matakin da suka riga suka ƙudurta. Shi kansa Martinson, bayan ya sake nazarin rahotanni 555 tare da Wilks, ya buga wata maƙala a 1979 a mujallar shari'a ta Jami'ar Hofstra inda ya janye hukuncinsa, ya ce wasu shirye-shirye suna amfani, wasu ba sa komai, wasu kuma suna cutarwa, gwargwadon yanayin da aka gudanar da su. Ya rasu a wannan shekarar. Janyewar ba ta sami ko kusa da karɓuwar da ta farko ta samu ba. Magana zarar bunu ce.

3.6 Abin da Binciken Baya Ya Nuna

Irin wannan muhawara ta taɓa aukuwa a fagen lafiyar ƙwaƙwalwa. A 1952 Hans Eysenck ya ce jinya ta hanyar tattaunawa ba ta fi barin majiyyaci ya warke da kansa ba. Sai a 1977 Smith da Glass suka haɗa sakamakon bincike 375 suka nuna akasin haka. Masana laifuffuka sun ari wannan dabara. Andrews da abokan aikinsa (1990) sun haɗa bincike 80, suka gano cewa shirin da ya nufi masu babban haɗarin komawa, ya taɓa abubuwan da ke jawo laifin kai tsaye, ya kuma yi amfani da koyar da tunani da ɗabi'a a aikace, yana rage komawa da kimanin kashi 30 cikin 100, alhali horo zalla ba ya ragewa. Lipsey (1992) ya duba bincike kusan 400 a kan yara masu laifi, ya sami matsakaicin ragi na kimanin kashi 10 cikin 100. Cibiyar RAND (2013) ta kiyasta cewa karatu a gidan yari yana rage komawa da maki 13 cikin 100.

Duk da haka, ba za a ce an binne Martinson ba. A 2017 Ma'aikatar Shari'a ta Birtaniya ta fitar da sakamakon babban shirinta na gyaran masu laifin lalata a gidajen yarin Ingila da Wales. An tarar kashi 10 cikin 100 na waɗanda suka shiga shirin sun sake irin laifin, a kan kashi 8 na makamantansu da ba su shiga ba, aka kuma dakatar da shirin a wannan shekarar, bayan an shafe fiye da shekara 20 ana gudanar da shi. Haka kuma Beaudry da abokan aikinta (2021) sun tattara gwaje-gwaje 29 da aka raba fursunoni a cikinsu ta hanyar ƙuri'a. Da aka haɗa duka an ga ragi, amma da aka cire ƙananan gwaje-gwaje sai ragin ya ragu har bai kai matsayin dogaro ba. Wani abin lura kuma shi ne, da yawa daga cikin sakamakon da ya fi armashi sun fito ne daga shirye-shiryen da masu ƙirƙirarsu suka sa ido a kansu da kansu, nasarar kuma takan ragu idan aka miƙa shirin ga ma'aikatan yau da kullum.

3.7 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa maƙalar Martinson ta yi daidai a tambayarta, ta yi kuskure a amsarta. Hujjojin da ke gabanta sun isa a ce ba a tabbatar da nasarar gyaran hali ba zuwa 1967. Ba su isa a ce gyaran ba zai yiwu ba. Tsakanin waɗannan maganganu biyu akwai tazara mai faɗi, kuma a cikinta ne aka gina dokokin da suka shafi miliyoyin mutane.

Wannan sharhi yana da alaƙa da halin da ake ciki a Nijeriya. A shekarar 2019 an yi dokar da ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa hukumar gidajen gyaran hali, ta kuma tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba. Sauyin suna alkawari ne da sai an auna kafin a ce an cika shi. A shekarun da suka biyo bayan dokar, alƙaluman hukumar sun riƙa nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen masu jiran shari'a ne, waɗanda ba a ma tabbatar musu da laifin da za a gyara ba. Ga irin waɗannan, ma'aunin komawa ga laifi ba shi da ma'ana, lafiyarsu da abincinsu da tsawon jiransu su ne abin aunawa. Saboda haka babi na gaba zai duba ma'aunan walwala da lafiyar ɗaurarru, tare da riƙe sharuɗɗa uku da aka tsamo daga wannan muhawara: a sami rukunin kwatance, a tabbatar an gudanar da shirin yadda aka tsara shi, a kuma auna fiye da sakamako ɗaya.